A Zauren Baje Koli Na Koyi Karatun Teku

Da fatsa na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ɗora mini sanda a hannu, kuma tun ina ƙarami na san bambancin tsakurar ƙaramin kifi da jan babba. Duk wannan a ruwan kogi ne. Da aiki ya kai ni zama kusa da teku, sandata da akwatin ƙugiyoyina suna cikin kayan da na fara ɗaurewa, domin na san duk inda na je, in dai akwai ruwa, ba zan yi kewa sosai ba.

Sai na tarar teku halinsa daban ne. Yau in tsaya a wuri kifi ya yi ta ci, bayan 'yan kwanaki in koma wurin nan a daidai wannan lokaci, ko motsi babu. Ƙugiyoyin da suka shekara a akwatina lafiya lau suka fara tsatsa. Zare ya riƙa tsinkewa a inda ban taɓa zato ba. Abin ya dame ni fiye da yadda mutum zai ɗauka, saboda a baƙon wuri fatsar nan ce kaɗai abin da ya rage mini na rayuwar da na baro. Har na fara tunanin in jingine sandar in haƙura.

Wani abokin aikina ne ya ga halin da nake ciki ya ce mini, "Malam, akwai baje kolin kayan su da ake yi duk shekara kafin lokacin kamu ya kankama. Ka je, amma kada ka tsaya kallon kaya. Ka nemi ɗakunan da ake lacca."

Na je. Zaure ne makeke, an jera jiragen ruwa sababbi fil a tsakiya, sanduna a tsaye reras, kifayen roba na yaudara kala-kala suna ta walƙiya a ƙarƙashin fitilu. Mutum zai iya wuni a nan bai gama kallo ba, ya fita aljihu wayam, kuma bai ƙaru da komai ba game da ruwa. Ɗakunan laccar suna can gefe, kujeru ne kawai da allo, an manna jadawali a ƙofa. A cikinsu rayuwata ta su ta canja.

Wanda na fara saurara wani dattijon kyaftin ne, fuskarsa duk rana da iskar teku sun dafa ta. Bai zo da sanda ba, bai zo da koto ba. Takarda ɗaya ya ɗaga, jadawalin cikar teku da janyewarsa, ya ce wanda bai iya karanta wannan ba, sa'a kawai yake nema a bakin ruwa. Daga nan ya shiga bayani, ni kuwa na buɗe littafina ina rubutu har hannuna ya gaji.

Wata ne ke jan ruwan teku, rana tana taya shi. A yawancin gaɓar duniya ruwa yana cika sau 2 ya janye sau 2 a yini, kuma tsakanin cika da cika akwai kimanin sa'a 12 da minti 25. Wannan ya sa lokacin cikar yake jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Da na ji haka sai na ajiye alƙalami na yi shiru. Amsar abin da ya hana ni barci ke nan. Ƙarfe bakwai na safiyar yau da ƙarfe bakwai na safiyar mako mai zuwa, agogo ɗaya suke nunawa, amma ruwan da ke gabanka ba ɗaya ba ne: in yau yana cike, a mako mai zuwa kusan a janye za ka same shi. Kogi kullum gaba yake yi. Teku kuwa zuwa yake ya koma, kuma kifinsa da wannan zuwa da komawa yake cin abinci.

Ya ci gaba da cewa idan wata ya tsaya sabo, ko ya cika fal, rana da wata suna layi ɗaya da duniya, jansu ya haɗu, sai cikar ta yi yawa, janyewar ma ta yi nisa, ruwa ya riƙa gudu da ƙarfi. Idan wata yana rabi, jan nasu ya saɓa, ruwan ya yi sanyin jiki. Kusan duk mako biyu abin yake juyowa. Kuma wuri ya bambanta da wuri: a mashigin Fundy da ke Kanada bambancin cika da janyewa yakan kai kusan mita 16, a yawancin Bahar Rum kuwa ko mita ɗaya ba ya kaiwa, akwai kuma gaɓar da sau ɗaya kacal ruwa ke cika a yini. Saboda haka jadawalin wurin da kake tsaye shi ne naka, na wani wuri ba zai yi maka aiki ba.

Sai ya zana wani lissafi a allo wanda matuƙan jirgi suka daɗe suna amfani da shi. Ka raba dukan ruwan da zai shigo kashi 12. A sa'a ta farko kashi 1 ke shigowa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. Ashe rabin ruwan gaba ɗaya a sa'o'i biyun tsakiya yake motsawa. A farko da ƙarshe ruwan kusan a tsaye yake. Gudun ruwa shi ke tono jatan lande da ƙaguwa daga yashi, shi ke kwaso ƙananan kifaye ya bi da su ta lungu, babban kifi kuma ba ya son wahala. Sai ya fake a bayan dutse ko ginshiƙin gada, inda gudun ya karye, kamar mai jiran mota a inuwar bakin hanya, abinci ya zo ya same shi.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, to wane lokaci ne ya fi kyau, cika ko janyewa?"

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ɗana, ba zan ba ka amsa ɗaya ba, don babu ita. Kowane wuri da lokacinsa. Akwai bakin kogin da ba ya bayarwa sai ruwa na fita, akwai dutsen da sai ruwa na shiga. Kai dai ka riƙa rubutawa. Wuri, lokaci, matakin ruwa, inda iska ta fito. Shekara ɗaya littafinka zai fi ni sanin wurinka."

Wannan amsa ta ƙara masa girma a idona. Mai son a yaba masa da ya ba ni ƙa'ida guda in tafi da ita ina murna.

Lacca ta gaba wata mata ce ta gabatar, wadda ta ƙware a jifa daga bakin yashi. Hotuna ta riƙa nunawa na gaɓa guda, wani a lokacin cika, wani a lokacin janyewa. A idon wanda bai sani ba, bakin teku ruwa ne kawai shimfiɗe. Ita kuwa ta nuna mana inda igiyar ruwa ke fashewa ta yi farin kumfa, ta ce ƙarƙashin nan tudun yashi ne. Tsakanin tudun da gaɓa akwai kwari, ruwansa ya fi duhu, igiya tana wucewa ta kansa ba ta fashe ba. A wani wurin kuma tudun ya tsage, ruwan da igiyoyi suka turo yana komawa teku ta wannan tsaga da gudu, yana ɗauke da duk abin da ya tono. Kifi yana bin kwarin nan yana kiwo, yana kuma tsare bakin tsagar. Sau da yawa, in ji ta, mutum zai shiga ruwa har gwiwa ya yi jifa da dukan ƙarfinsa, kotonsa ya tsallake kifin da ke kusa da ƙafarsa. Shawararta mai sauƙi ce: ka je gaɓar ranar da ruwa ya janye sosai, ba tare da sanda ba, ka zagaya ka ga ƙasan da idonka, ka riƙe alamun da ke tudu. Sannan ta ja kunnenmu da murya mai nauyi cewa tsagar da ke tara kifi ita ce kuma ke jan mutum zuwa cikin teku. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga gudun.

A bayan zauren akwai wani tebur da wani tsoho ke koyar da ƙulli. A nan na fi daɗewa a tsaye. Igiyoyi biyu masu kauri yake amfani da su, ja da fara, da wata ƙatuwar ƙugiya ta katako, don kowa ya ga yadda zare ke bi. Ya ninka igiyar biyu, ya zura ninkin ta idon ƙugiyar, ya yi ƙulli sako-sako, ya zagaya madaukin ta kan ƙugiyar gaba ɗaya, sannan ya ja a hankali. Ƙullin Palomar ke nan. Yatsunsa duk sun kanannaɗe da tsufa, fatar ta yi kanta, amma ba su yi gardama ko sau ɗaya ba. Ya miƙo mini zare na gaske ya ce in yi. Da na zo ja, sai ya dafe hannuna. "Jiƙa shi tukuna." Zaren roba idan ya gogi kansa a bushe yana ɗaukar zafi, zafin ya raunana shi a daidai wurin ƙullin, ranar da babban kifi ya ja sai ya tsinke a nan. Na jiƙa, na ja a hankali, ƙullin ya zauna tsaf. Ya ɗauka ya duba, ya murza shi da babban yatsa, ya gyaɗa kai.

A teburin nan na fahimci dalilin da ya sa masuntan teku ke haɗa zare iri biyu. Saƙaƙƙen zare siriri ne, yana da ƙarfi, kusan ba ya miƙewa, ko ɗan taɓi kifi ya yi can ƙasa za ka ji a hannunka. Amma kifi yana ganinsa, kuma dutse mai kaifi yana yanka shi nan take. Shi ya sa ake ɗaura masa guntun zaren fulorokabon ko nailan a gaba, wanda ba ya fitowa fili a ruwa, yana kuma jure gugar dutse. Ga kifi mai haƙora irin barakuda, sai an sa waya. Masu jifa da dalma mai nauyi daga bakin yashi suna da nasu lissafin: kowane giram 28 na dalma yana buƙatar zaren gaba mai ƙarfin kusan kilo 4.5, wato dalma mai giram 140 tana son zaren da zai ɗauki kusan kilo 23. In ba haka ba, zaren ya tsinke a tsakiyar jifa, dalmar ta tafi kamar harsashi, kuma akwai mutane a gaɓa.

Ba duk laccar da na shiga ce ta gamsar da ni ba, gaskiya. Akwai waɗanda kamfanoni ke ɗaukar nauyinsu, kowace tambaya aka yi musu amsarta sunan wani kaya ne da ke kan teburinsu. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ce. Amma na gane yadda ake tantance mai koyarwa na gaske: yana gaya maka dalili, kuma abin da ya koya maka zai yi aiki ko da tsohuwar sandarka ce a hannu.

Irin waɗannan na gaske ne suka koya mini saita birkin manaɗin zare. Ana ɗaura bakin zaren a ƙaramin sikeli a ja, a saita birkin ya fara sakin zare a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zaren da ke ɗaukar kilo 12, birkinsa kilo 3 zuwa 4 ke nan. Kifin teku yana da gudun farko mai tsanani, kuma dole ka bar shi ya yi gudunsa, sanda da birki su gajiyar da shi. Su ne kuma suka koya mini kula da kaya. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma gishirin nan ba ya barin ƙarfe. Duk dawowa sai an ɗauraye sanda da manaɗi da ruwan daɗi, a hankali, birki a ɗaure, don ruwa mai ƙarfi tura gishirin yake yi zuwa ciki. In ya bushe a sassauta birkin a ajiye.

Laccar da ta fi taɓa zuciyata ba ta kama kifi ba ce, ta sakinsa ce. Wata masaniyar halittun ruwa ce ta yi ta, ɗakin ma bai cika ba. A teku akwai dokoki kan girman kifin da za ka ɗauka da yawansa da lokacinsa, saboda haka dole masunci ya riƙa mayar da wasu. Tambayarta ita ce: wanda ka mayar, ya rayu kuwa?

Ta fara da ƙugiya mai zagaye, wadda bakinta ya lanƙwasa ya dubi jikinta. Tsohuwar dabara ce, mutanen tsibiran Fasifik sun daɗe suna sassaƙa irinta da ƙashi da ɓawon halittun ruwa. Idan kifi ya haɗiye koto ya juya zai tafi, ƙugiyar tana zamowa daga maƙogwaronsa ba ta kama komai ba, sai ta zo kusurwar baki ta maƙale. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ga wanda ya tashi a kogi yana da wuya: ba a fizga. Ka bar zare ya miƙe, ka ci gaba da naɗewa a natse. Ta ce a gaɓar Atlantika ta Amurka, tun 2021 doka ta wajabta irin wannan ƙugiya ga masu kamun wani sanannen kifinsu mai zane-zane da koto, saboda yawan waɗanda ke mutuwa bayan an sake su.

Daga nan ta nuna hoton wani kifi da aka jawo daga zurfi. Idanunsa sun firfito, cikinsa ya kumbura, wani jan abu ya leƙo ta bakinsa. Na sha ganin haka a jirgi. Ta bayyana cewa yawancin kifaye suna da jakar iska a ciki wadda ke daidaita musu tsayuwa a ruwa. Kowace mita 10 da ka nitsa, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Kifin da ke mita 30 yana ƙarƙashin ninki 4 na abin da ke sama, don haka idan aka jawo shi da sauri, iskar cikinsa tana iya kumbura har ninki 4. Abin da ya leƙo ta baki tumbinsa ne, iskar ce ta turo shi. Mutane da yawa suna huda shi da nufin taimako, alhali illa suke ƙara masa. In kuma aka jefa shi haka, ba zai iya nitsewa ba, sai ya yi ta yawo a saman ruwa har tsuntsu ko shak, babban kifin nan mai farauta, ya ɗauke shi.

Maganin ya ba ni mamaki don sauƙinsa. Wani ɗan maƙali ne mai dalma, a kama leɓen kifin da shi, a zura shi ƙasa da zare, in ya kai zurfi ya sake shi. Nauyin ruwa da kansa yake matse iskar ta koma yadda take. Ta nuna mana bidiyon da aka ɗauka a ƙarƙashin ruwa: kifin yana sauka a sandare, cikin yana saɓewa, idanun suna komawa, can sai ya kaɗa wutsiya ya tafi. Gani ya kori ji. Ta ƙara da cewa a ruwan tarayyar Amurka na mashigin Meziko, a 2022 an wajabta wa mai kamun kifin duwatsun ƙasa ya kasance da irin wannan maƙali ko allurar fitar da iska a jirginsa. Sauran ƙa'idodin gajeru ne: a jiƙa hannu kafin a taɓa kifi don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, kada a sa yatsa a wurin numfashinsa, a tallafe shi a kwance, a mayar da shi da wuri. In ƙugiya ta shige can ciki, a yanke zaren kusa da baki, ya fi a tsaya tono.

Mahaifina yakan ce kada ka ɗauki rai sai da dalili. A ɗakin nan na ga yadda ake cika wannan magana a ruwa mai zurfi, kuma tun daga ranar maƙalin nan ba ya barin jakata.

Da na koma bakin ruwa, na yi yadda malamar nan mai jifa daga bakin yashi ta ce. Na je ranar da wata ya cika, a ƙarshen janyewa, hannuna babu sanda. Wurin da na saba tsayawa ashe fili ne na yashi, babu kwari babu dutse. Ɗan gaba kaɗan kuwa ga tsaga nan a fili, ruwa na zirarowa ta cikinta, ƙananan ƙaguwa suna ta guje-guje a gefenta. Na daidaita ta da wata bishiya da ke tudu na rubuta. Ranar da na dawo ruwa yana sa'a ta uku da fara shigowa, na jefa kotona a bakin tsagar, ba da nisa ba. Da zaren ya miƙe, hannuna ya so ya fizga, na danne shi, na ci gaba da naɗewa. Birki ya yi ƙara, zare ya fita, na bar shi. Da na jawo kifin, ƙugiyar tana nan a kusurwar bakinsa, daidai inda aka ce za ta kasance. Alhamdu lillahi.

Littafin da kyaftin ya sa ni buɗewa yanzu ya cika, na shiga wani. Ya nuna mini abubuwan da babu mai lacca da zai iya gaya mini, domin na wurina ne: tsagar nan tana ƙaura bayan kowace babbar guguwa, kuma akwai dutsen da ba ya bayarwa sai ruwa na fita da asuba. Ɗana ya fara bina. Shi ke duba jadawali tun da dare ya ce, "Baba, gobe cika ƙarfe tara ne, mu fita da wuri." Ƙullin Palomar ya zauna masa a hannu, yanzu ƙullin FG muke koyo tare, wanda ake haɗa saƙaƙƙen zare da zaren gaba da shi.

Ina komawa baje kolin duk lokacin da aka buɗe. Tun kafin ranar nake neman jadawalin laccoci in yi wa waɗanda nake so alama, in rubuta tambayoyina, in zauna a gaba, in kuma tsaya bayan an tashi, don a nan ne masu laccar suka fi sakin jiki su yi magana. Bana laccar yanayi da tuƙin ƙaramin jirgi zan shiga. Idan iska tana busowa ta fuskanci gudun ruwa a bakin mashigi, igiyoyi suna gajarta su miƙe tsaye, kuma nan ne ƙananan jirage suka fi kifewa. Yaron ya fara roƙona mu fita cikin ruwa sosai, ni kuwa na ce masa sai mun zauna a wannan ɗakin tare tukuna, kuma kowa da rigar ceto a jikinsa.